Takardar gwajin da aka ba mu a wurin mai ba da shawarar aure: ilimi ce ko duba?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin, don Allah a sakaya sunana.

Shekararmu tara da aure, yara biyu. Ba duka, ba zagi, bai rage ni da komai ba. Amma kusan shekara biyu ke nan muna zaman 'yan haya a gida ɗaya. Zai dawo daga aiki, in ji ya kashe mota a ƙofar gida, in leƙa ta taga in hangi hasken waya a fuskarsa, minti ashirin, wani lokaci rabin awa, kafin ya shigo. Abin da ya fasa ƙwan shi ne ya ɗebi kuɗin da muke tarawa tare ya ranta wa ƙaninsa. Ban sani ba sai a bakin matar ƙanin, ta kira tana zuba min godiya. Na ce mata ai ba komai, ina dariya, cikina kuwa kamar an zuba garwashi.

Da kyar na shawo kansa muka je wurin wata mai ba ma'aurata shawara, wadda ta karanci ilimin halayyar ɗan'adam. A zama na biyu ta ba kowannenmu takarda mai tambayoyi 54, ta ce sunanta FIRO-B. Da ta haɗa maki sai ta ce ni ina da matuƙar buƙatar a dama da ni, shi kuma yana son riƙe ragama, kuma bai cika neman a nuna masa kusanci ba. Ta ce ba za mu fara da maganar shaƙuwa ba, duk da ita ta kai ni. Wai sai mun fara warware waye a ciki waye a waje a wannan auren, sannan maganar iko, kusanci ya zo a ƙarshe.

Tun a hanya ya ce wannan duba ne da biro, ba zai koma ba. Amma kuma shekaranjiya da na tambaye shi me ya sa bai gaya min zai yi tafiya ba, sai ya ce, "Ai takarda ma ta faɗa, ke ce mai son a yi ta bi ta kanki." Wato bai yarda da takardar ba, amma ta zama sandar dukana.

Masu ilimi a cikinku, an taɓa gwada waɗannan abubuwa kuwa, ko shaci-faɗi ne? Kuma jerin nan da ta yi, na a bar kusanci sai ƙarshe, gaskiya ne? In ci gaba da lallaɓa shi mu koma, ko in haƙura?

Baban Yara:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, mijinki bai yi ƙarya duka ba. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa "sakamakonsa". Ya ce kowa ya ba da maki daga 0 zuwa 5 kan yadda bayanin ya dace da shi. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Ashe takarda ɗaya ce ya ba su duka, kuma daga littafin taurari na bakin titi ya tsinto jimlolin. Ɗan'adam in ka ce masa "kana son a so ka amma kana ɓoyewa", sai ya ce wallahi ka san ni. Wace mace ce za a kwashe kuɗinta a bayan idonta ta ce ba ta buƙatar a dama da ita? Wannan ba sai an cika takarda ba.

Ɗalibar Saikoloji:

Yaya Baban Yara, labarin Forer gaskiya ne, kuma kowane ɗalibin fanninmu da shi ake fara tsorata shi. Amma ba a yi wa FIRO adalci ba in aka jefa shi kwando ɗaya da taurari. Bari in ɗan tsawaita, Anti Uwar Biyu, ki yi haƙuri.

William Schutz ne ya fitar da ra'in a 1958, kuma asalinsa ba na aure ba ne sam. Aiki ya yi wa rundunar sojan ruwan Amurka, inda ake son sanin waɗanne mutane ne za a tara a ƙuntataccen ɗaki cikin jirgi su yi aiki ba tare da sun cinye juna ba. Ya ce buƙatun mutum a wurin mutane uku ne: a dama da shi, iko, da ƙauna. Kowacce kuma fuska biyu gare ta, wadda kake nunawa da wadda kake so a nuna maka. Uku sau biyu shida, kowanne da tambayoyi tara, shi ne 54 ɗin da kika cika, maki daga 0 zuwa 9. Sai a 1984 William Doherty da Nicholas Colangelo suka ɗauko shi suka gyara shi don aikin iyali, kuma su ne suka kawo jerin da malamarku ta bi.

To "an gwada?" tambaya uku ce a cikin riga ɗaya. Ta farko, takardar tana auna abin da ta ce tana aunawa? Ta biyu, ra'in kansa ya tsaya da ƙafarsa? Ta uku, in aka yi wa ma'aurata aiki da shi, suna samun sauƙi fiye da waɗanda ba a yi wa ba? Abu na iya cin ta farko ya faɗi ta uku.

A ta farko FIRO-B yana da rauni da aka sani. Da masu lissafi suka sake tankaɗe amsoshin mutane, sau da yawa sai su ga ɓangaren "a dama da ni" da na "ƙauna" suna tafiya tare kamar abu ɗaya, iko ne kawai ya ware sosai. Shi kansa Schutz daga baya ya sauya ta ukun, ya daina kiranta ƙauna ya koma kiranta buɗe zuciya. Kuma ki lura, tambayoyin a kan "mutane" suke gaba ɗaya, ba a kan miji ko mata ba. Namiji na iya zama mai gudun kusanci da abokan aiki amma yana mutuwar son na matarsa, takardar ba za ta iya rarrabewa ba.

Shi kuwa jerin, daga gogewar masu aikin da tunani mai kyau ya fito, hujjarsa ba ta kai ƙarfin ta hanyoyin da aka yi wa manyan gwaje-gwaje ba. Kuma jeri irin wannan ya sha ba da kunya. Dalar buƙatun ɗan'adam ta masanin halayya Abraham Maslow da kowa ya haddace, wai sai ciki ya cika an samu tsaro kafin a nemi ƙauna da girma, a 1943 ya rubuta ra'in (hoton dalar ma ba shi ya zana ba). A 2011 Louis Tay da Ed Diener suka duba bayanan mutane sama da dubu 60 daga ƙasashe 123. Buƙatun sun tabbata kusan ko'ina, amma matakalar ba ta yi tsauri yadda ake koyarwa ba: wanda ke cikin rashi yana jin daɗin ƙauna da mutuntawa ba tare da ya jira komai ya daidaita ba.

Wani misalin da nake so shi ne na David Olson. A 1979 ya ce iyali mai lafiya shi ne na tsakiya, ba manne wa juna fiye da kima ba, ba watsewa ba. Da aka yi ta gwadawa da takardarsa ta farko-farko, sai sakamako ya riƙa nuna cewa iya haɗin kai iya lafiya, ba a ga illar "ya yi yawa" ɗin ba. Bai yi gardama ba, ya koma ya sake gina takardar don ta iya kama ɓangarorin da suka wuce gona da iri. Bambancinsu da mai duba ke nan, Yaya. Mai duba ba ya komawa ya ce lissafina ya kuskure.

Anti Dattijuwa:

Kai, yaran zamani da dogon Turanci. 'Yata, ni shekarata talatin da ɗaya a ɗakin miji. Ajiye takardar nan. An dawo da kuɗin? Ya ce ki yi haƙuri? In ba a yi waɗannan biyun ba, ko tambaya ɗari biyar kuka cika, ciwon yana nan. Ba a shafa mai a kan ƙaya.

Ɗalibar Saikoloji:

Anti, ai kin faɗi jerin Doherty kaf ba tare da kin karanta shi ba. Shi ma cewa ya yi ba a gina shaƙuwa a kan "ban san ko ina cikin lissafinka ba".

Amaryar Bana:

Ni dai shawarata ku gwada yarukan soyayya biyar ɗin nan, wato gwajin da ke nuna hanyar da kowa ya fi so a nuna masa ƙauna. Ni da maigidana mun yi a intanet, nawa kalaman yabo, nasa hidima, tun daga nan muka gane juna. Wataƙila yarenku ne ya bambanta kawai.

Ɗalibar Saikoloji:

Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ƙawata, kuma in ya buɗe muku hira to ya yi amfani. Sai dai Gary Chapman da ya fitar da shi a 1992 fasto ne mai yi wa ma'aurata nasiha, daga zamansa da su ya tsara shi, ba daga bincike ba. A 2024 Emily Impett da abokan aikinta biyu suka tattara binciken da aka yi a kai, suka ga ginshiƙansa uku duk ba su da ƙwaƙƙwarar hujja: cewa kowa yana da yare ɗaya da ya fi so, cewa biyar ne cif, da cewa masu yare ɗaya sun fi jin daɗin aure. In aka bar mutane su ba kowanne maki ba tare da an tilasta musu zaɓen ɗaya ba, kusan duka biyar ɗin suke so. Ga Anti Uwar Biyu kuma ina tsoron ya zama sanda ta biyu: "ni yarena hidima ne, kada ki dame ni da hira."

Malam Mai Sulhu:

Assalamu alaikum. Wannan aikin nake yi, shekara goma sha ɗaya ke nan, don haka bari in sa baki. Ban san abokiyar aikin da kuka gani ba, kuma ba zan yanke mata hukunci daga zama biyu ba.

Hajiya, abin da ya fi ɗaukar hankalina a saƙonki ba makin ba ne, motar nan ce. Mutumin da ba ya buƙatar komai daga gidansa ba ya zama rabin awa a ƙofa yana tara ƙarfin shiga. Shigowa zai yi ya wuce ɗaki abinsa. Wanda ke zama a mota yawanci ya san akwai magana tana jiransa, kuma ya riga ya yanke wa kansa cewa zai faɗi jarrabawar. Ke kuma kina taga kina ƙirga mintoci, kowane minti yana ce miki ba ki da muhimmanci. In ya shigo fuskarki ta riga ta nuna, shi kuma ya ce a ransa, ka gani ko. Gobe ya ƙara minti biyar.

Wannan zagayen na mai bi da mai janyewa yana cikin abubuwan da aka fi tabbatarwa a binciken aure, domin ba takarda kawai aka dogara da ita ba, an ɗauki ma'aurata a bidiyo suna muhawara an ƙirga. Kuma akwai wani sakamako da nake so ki riƙe. A 1990 Andrew Christensen da Christopher Heavey suka sa ma'aurata su tattauna abu biyu, ɗaya wanda matar ke so a canza, ɗaya wanda mijin ke so. A kan batun matar, ita ke matsawa shi yana zillewa. Da aka koma batun mijin, bambancin ya dushe. Wato ba halitta ba ce kawai, wai mace mai naci namiji dutse. Wanda ke neman canji shi ke bi, wanda zaman haka ya yi wa daidai shi ke janyewa. Don haka in ya ce "takarda ta ce ke ce", amsar ita ce takarda hoton wani lokaci ta ɗauka, a tsakiyar rikici, bayan an taɓa miki amana. Ba gwajin jini ba ce.

Kan ko a koma: hanyoyin da aka yi wa gwaji na haƙiƙa, inda ake raba ma'aurata ta hanyar ƙuri'a a bi su shekaru, suna nan. Ɗaya ita ce ta Sue Johnson da Les Greenberg da suka fara a Kanada cikin shekarun 1980, wadda ta ginu a kan cewa babba ma yana buƙatar wanda zai jingina da shi kamar yadda yaro ke buƙata, kuma aikinta kusan duka a kan wannan zagayen yake. Ɗayar ta Christensen da Neil Jacobson, mai haɗa neman canji da koyon karɓar abin da ba zai canzu ba. An gwada ta da tsohuwar hanyar gyaran ɗabi'a a kan ma'aurata 134 masu matsala mai tsanani. Bayan shekara biyar, kusan rabi sun samu sauƙi na a zo a gani, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun rabu, kuma tazarar hanyoyin biyu ba ta da yawa. Na kawo wannan ne don kada a yi miki alkawarin aljanna, kuma don ki ga sunan hanya ba shi ne komai ba.

Abin da zan so ki yi a zama na gaba, ko da ke kaɗai kika je. Ki gaya mata kai tsaye cewa sakamakon ya zama makami a gida. Wannan aikinta ne ta gyara, kuma a gabansa ya kamata ta gyara, domin ita ta ba da takardar. Ki tambaye ta wace hanya take bi, zama nawa take hasashe, kuma da me za ku gane ana ci gaba. Tambayar ƙarshen nan ba raini ba ce. A Norway an yi gwaji da ma'aurata 205, aka buga a 2009: waɗanda ake tambayarsu a kowane zama yadda suke ji da yadda aikin ke tafiya, mai shawarar yana ganin amsar, sun ninka sauran kusan sau huɗu wajen samun sauƙi na gaske. Masu ba da shawarar kuwa su ne dai a ɓangarorin biyu.

Shi kuma maigidan, ina zargin ya fito daga zaman nan yana jin an taru a kansa, mata biyu da takarda sun ce shi mai mulkin mallaka ne. Namijin da ya ji haka ba ya dawowa. Kada ki ce masa "zo a gyara ka". Ki ce masa ke ma takardar ba ta gamsar da ke ba, ku je tare ku tuhume ta.

Abu ɗaya na ƙarshe, ba don ke ba tunda kin ce babu, don masu karantawa a ɓoye: in akwai duka, ko tsoro, ko an hana mace waya da fita da kuɗinta, ba a fara da zaman mutum biyu. Abin da ta faɗa a ofis za ta biya shi a gida. Ita kaɗai za ta fara ganin ƙwararre.

Baban Yara:

Malam na ji, kuma na sassauta. Amma ku ma kuna da naku masu duban. Ba ga wani Gottman ba da ake ta yaɗawa wai yana kallon ma'aurata na 'yan mintoci ya faɗi waɗanda za su rabu, daidai fiye da kashi 90 cikin 100?

Ɗalibar Saikoloji:

Nan kam ka kama mu, Yaya. John Gottman ya yi aiki mai daraja a Jami'ar Washington, kuma abubuwa huɗun da ya ce suna cin aure, suka, raini, kare kai da yin gum, duk wanda ya zauna da mutane ya san su. Matsalar lambar ce. An riga an san waɗanda suka rabu, sai aka ɗinka lissafin ya dace da su. Kamar tela ne ya auna ka ya ɗinka maka riga, sannan ya yi alfaharin ta yi maka daidai. A 2001 Richard Heyman da Amy Slep suka nuna haka a fili: suka gina irin wannan lissafi a kan rabin mutanensu ya yi kyau ƙwarai, da suka sa wa ɗaya rabin sai hasashen sakin ya faɗi warwas.

Akwai kuma abin da ya shafe mu duka. Wani bita da aka yi a 2008 na manyan mujallun fannin ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, alhali ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Maki "mai yawa" a takarda yana nufin mai yawa in aka kwatanta da waɗanda aka gina ma'aunin a kansu. Anti, ki tambaye ta da su wa aka kwatanta ki.

Anti Dattijuwa:

Har yanzu dai ba a ba ni amsar kuɗin ba.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, an dawo da rabi, haƙuri kuwa bai bayar ba tukuna.

Jiya na yi abin da ban taɓa yi ba. Da na ji ya kashe mota, maimakon taga sai na fita na buɗe ɗaya ƙofar na zauna. Ya firgita har waya ta faɗi ƙasan kujera. Ashe ba hira yake da kowa ba, wasan jera katako yake bugawa. Mun yi shiru kamar minti biyar. Na ce masa ni ma takardar nan ban gamsu da ita ba, ina so mu koma mu tambayi matar da su wa ta auna mu. Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa har na manta, ya ce shi ma tambaya ta goma sha wani abu bai gane ta ba, cikawa kawai ya yi. Na ce to ashe da makin bogi kake dukana. Bai amsa ba, amma ya ce ran Alhamis in ya tashi da wuri zai zo.

Malam Mai Sulhu, in ta ce lallai sai mun gama maganar iko kafin a taɓa maganar kusanci, in yarda ko in ce a haɗa su?

Malam Mai Sulhu:

Ki ba ta labarin motar tukuna, Hajiya, tun daga fitowarki har faɗuwar wayar. Ki ga me za ta yi da shi.